Alhaji Mamman Shata Katsina (1923–1999): Mawaƙi Tsakanin Takunkumin Hukuma Da Ƙaurace Wa Fage

A tsakanin 2007 da 2009, lokacin da Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano ta matsa wa 'yan fim da mawaƙa lamba, an yi ta jan muhawara a kan abin da ya kamaci mawaƙin da hukuma ta sa wa takunkumi: ya zauna ya ci gaba da sana'arsa bisa sharuɗɗanta, ko kuwa ya tattara ya-nasa-ya-nasa ya ƙaurace wa garin don nuna ƙin yarda. A shekarun ne aka ɗaure Adam A. Zango a kan kundin waƙoƙinsa na bidiyo mai suna Bahaushiya, aka kama Aminu Ladan Abubakar (Ala), wata kotun tafi-da-gidanka kuma ta haramta waƙoƙi 11 a lokaci guda. Da yawa daga cikin masu sana'ar sun koma Kaduna da Jos da Abuja. Akasarin masu muhawarar sun ɗauki al'amarin tamkar baƙon abu da ya zo da fiyano da kwamfuta, alhali kuwa jayayyar mawaƙi da hukuma a Kano ta girmi kakanninsu. Wannan maƙala ta koma ga rayuwar Alhaji Mamman Shata ne, mutumin da ya shafe fiye da shekara 50 a fage, ya ga mulkin En'e, ya ga na farar hula, ya ga na soja, kuma ba a taɓa jin ya jingine waƙa don fushi da wata hukuma ba. Abin da ake son ganowa shi ne dalilin hakan, da kuma abin da zaman nasa ya jawo masa na riba da hasara.

Daga Musawa zuwa Bakori

An haifi Muhammadu, wanda duniya ta sani da Shata, a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuwa Lariya. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne, kuma wannan shi ne mabuɗin fahimtar rayuwarsa. Ya yi karatun allo kamar sauran yara, ya yi tallan goro, ya yi na alewa, yana rera waƙa don jawo masu saye. Daga kasuwa waƙar ta bi shi dandali, inda samari da 'yan mata suke haɗuwa da dare.

Mahaifinsa bai so wannan ba. A wurin Bafulatanin da yake ganin kansa ɗan asali, waƙa roƙo ce, roƙo kuwa zubar da mutuncin gida ne. Ashe takunkumin farko da Shata ya ci karo da shi daga cikin gida ya fito, tun kafin ya san ɗan doka ko alƙali. Ra'ayin mahaifin nasa yana da tsohon tushe. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe cikin ɗabi'un sarakunan Haɓe da ya soka a Kitabul Farƙ, malaman da suka biyo bayansa kuma ba su sassauta ba. M. G. Smith, a maƙalarsa ta 1957 a kan roƙo, ya nuna irin matsayin da maroƙi yake da shi a tsakanin Hausawa: ana raina shi, ana kuma tsoron bakinsa. Shata ya gaji rainin da tsoron gaba ɗaya ba tare da ya gaji ganga ba.

Ya bar Musawa ya koma Bakori a ƙarƙashin inuwar Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa da yake aikin En'e a harkar sayen auduga da gyaɗa. A can ya mayar da waƙa sana'a, ya tara makaɗan kalangu da 'yan amshi, ya shiga zagaya garuruwa. A 1960 ya tare a Funtuwa, wadda ta zama mazauninsa har ƙarshen rayuwarsa.

Kano mai fuska uku

Tauraruwar Shata ta haska a Kano a 1952, a bikin da aka fi sani da Bikin 'Yan Sarki, a ƙarshen zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Masu rubuta tarihinsa sukan ambaci wannan biki su wuce, sai dai ina ganin ya kamata a tsaya a dubi irin garin da ya shigo, domin Kanon wancan lokaci gari uku ne da doka uku a zahiri, ko da a takarda ba haka aka rubuta ba.

Akwai Birni, cikin ganuwa, inda fada da malamai da alƙalai suke, inda kuma ido yake kan kowa. Akwai Sabon Gari, wanda Turawan mulki suka kafa a wajajen 1913 bayan isowar jirgin ƙasa, don ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Har zuwa 1940 unguwar ba ta ƙarƙashin En'e, kuma ko bayan an mayar da ita hannun En'e, a nan ne gidajen giya da otal-otal da gidajen rawa suka ci gaba da zama. A nan aka buɗe siliman Rex a 1937. Tsakanin waɗannan biyu sai Fagge, tsohon zangon fatake da Buzaye a bayan ganuwa, unguwar Musulmi Hausawa da baƙi daga ko'ina, wadda ba ta da tsananin Birni, ba ta kuma kai Sabon Gari sakewa ba. Direbobi da 'yan kamasho da teloli da dillalai da mata masu zaman kansu duk a nan suke cuɗanya. Da aka gina siliman Palace a cikin Birni a farkon shekarun 1950, malamai da dattawa sun yi ca, alhali irin wannan gini a Sabon Gari bai tayar da ƙura haka ba. Wato abin da aka fi damuwa da shi shi ne wurin da aka yi abu, fiye da abin da aka yi ɗin.

Mawaƙi mai wayo yana iya rayuwa a cikin wannan tsari ba tare da ya yi karo da kowa ba. Waƙar da za a yi a ƙofar fada daban, wadda za a yi a gidan biki a Fagge daban, wadda kuma za a yi a otal bayan dare ya raba daban. Makaɗan kalangu da na goge da na kukuma sun san wannan taswira sarai, Shata kuwa ya fi kowa iya tafiya a kanta. Bakin da ya yi waƙar yabon Annabi shi ne ya yi waƙar mashaya da aka sani da A Sha Ruwa, kowacce da majalisinta. Masu ganin wannan a matsayin saɓani cikin halinsa suna mantawa da cewa garin ne da kansa yake a rabe, tafiyar 'yan mintoci ce kawai tsakanin wata doka da wata.

Zamanin En'e da NEPU

A wannan yanki na bayan ganuwa ne aka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agusta, 1950, a Sabon Gari, cikin mutum takwas ɗin da suka kafa ta har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Waƙa ta zama babban makamin jam'iyyar, tun da jama'ar da ake kira ba duka suke karanta jarida ba. Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu da Mudi Sipikin sun yi mata waƙoƙin da matasa suka haddace suna rerawa a tituna.

En'e ba ta da ofishin tace waƙa, kuma ba ta bukatarsa. Tana da izinin taro, wanda take bayarwa ko ta hana. Tana da 'yan doka da dogarai, tana da kotunan alƙalai inda zagin sarki ko hakimi yake iya kai mutum gidan yari ko ya jawo masa bulala. Tana da ikon korar wanda ta ga dama daga ƙasarta, kamar yadda aka yi wa Gambo Sawaba a Kano a farkon shekarun 1950. A wannan tsari mutum ake hukuntawa, waƙar kuwa ta riga ta shiga bakin yara, babu mai iya kamo ta.

An san Shata da karkata ga NEPU a Jamhuriya ta Farko, alhali manyan iyayen gidansa sarakuna ne da hakimai da attajirai, waɗanda galibinsu 'yan NPC ne. Sunansa bai shahara cikin jerin mawaƙan jam'iyya irin waɗanda aka ambata ba. Zuciyarsa tana wani wuri, tukunyarsa tana wani wuri, kuma ya ƙi barin ɗaya ta cinye ɗaya. Ana iya kiran wannan hikima, ana iya kiransa taka-tsantsan na mai iyali da makaɗa da 'yan amshi da suke ci daga bakinsa. Ni dai ban ga dalilin da zai sa a zaɓi fassara ɗaya a watsar da ɗayar ba.

Rediyo, soja da kaset

Kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962 ya sauya ma'aunin. Muryar Shata ta kai inda ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba, har Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan, amma ta wata ƙofa mai maigadi. Ma'aikacin rediyo ne yake zaɓen abin da za a ɗauka da abin da za a sa, kuma gidan na gwamnati ne. Bayan juyin mulkin 1966 da ƙirƙiro jihohi a 1967, sojoji suka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, tsohuwar bulala ta yi sanyi, sabuwar hukuma kuma ta gane amfanin mawaƙi. Shata ya yi waƙoƙin ƙarfafa wa sojojin tarayya gwiwa a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya yi na kira ga noma, ya yi na zaburar da mutanen Arewa su tashi su nemi ilimi da sana'a. Har kumbon Apollo 11 da Amurka ta harba zuwa wata a 1969 bai tsira daga bakinsa ba. Kamfanin EMI ya buga fayafayensa. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiana, abin da ya shigar da ɗan tallan alewar Musawa cikin ɗakunan karatu na duniya.

Ɗaya ɓangaren taskarsa kuwa, wato waƙoƙin zambo masu zafi da batsa irin su Gagarabadau, ba ta ƙofar rediyo suka yaɗu ba. Kaset ne ya ɗauke su tun daga shekarun 1970, daga hannu zuwa hannu, daga tasha zuwa tasha. Lokacin da nake tattara bayanai a Fagge, na zauna a rumfunan matasa masu tura waƙoƙi a waya, na kuma ga cewa har yau ana zuwa neman waɗannan waƙoƙi, har da waɗanda ba a haife su ba lokacin da mai waƙar ya rasu. Abin da maigadin rediyo ya ƙi sa wa a iska ya fi wasu da ya sa tsawon rai.

Shekarar 1977

Don a fahimci hanyar da Shata bai bi ba, sai a dubi wanda ya bi ta a ƙasa ɗaya da zamani ɗaya. Daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, 1977, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta karɓi baƙuncin bikin al'adun baƙar fata na duniya, wato FESTAC, a Legas, aka kuma yi gagarumin hawan daba a Kaduna. Fela Anikulapo Kuti, wanda kiɗansa ya haɗa salon Yarbawa da na Ghana da na baƙaƙen Amurka, ya fice daga kwamitin shirya bikin, ya ƙaurace masa, ya riƙa yin nasa wasan kowane dare a gidan rawarsa yana caccakar gwamnati. Manyan baƙin da aka gayyato, irin su Stevie Wonder, suka riƙa zuwa wurinsa. Ga kuma waƙarsa ta Zombie, wadda ta yi wa sojoji ba'a, tana tashe a gari duk da gidajen rediyon gwamnati sun juya mata baya. Kwana shida bayan rufe bikin, ranar 18 ga Fabrairu, sojoji kimanin 1,000 suka afka wa gidansa suka ƙone shi, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo ta taga. Ta rasu a Afrilun 1978.

A watan Janairun 1977 ɗin nan ne kuma, a ƙasar Cekoslobakiya, marubuta da masana suka fitar da takardar koke da aka sani da Yarjejeniyar 77, wadda shari'ar da gwamnatin gurguzu ta yi wa wasu makaɗan rok a 1976 tana cikin abubuwan da suka haifar da ita. A 1985 kuma wasu makaɗan rok na Amurka da Turai, bisa jagorancin Steven Van Zandt, suka yi shelar ba za su yi wasa a wurin shaƙatawa na Sun City ba, don adawa da mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu.

Idan aka dubi ƙauracewar Fela da ta Sun City za a ga sharaɗi biyu da suka sa ta yi tasiri. Na farko, hukumar da aka ƙaurace wa tana bukatar mawaƙin don ta wanke fuskarta a idon duniya. Na biyu, mawaƙin yana da wata kasuwa da zai ci abinci a cikinta: kamfanin faifai, masu sayen tikiti, 'yan jaridar ƙasashen waje. Fela yana da gidan rawarsa, yana da masu saye a Landan da Faris, duk da haka abin da ya biya bai yi kama da ciniki mai riba ba. Shata kuwa arzikinsa ba a hannun gwamnati ko kamfani yake ba. Yana hannun mutanen da yake yi wa waƙa, a bikin aure da na suna da naɗin sarauta. Da ya ce ya daina waƙa don fushi da gwamna, ba gwamnan ne zai rasa komai ba. Angon Fagge ne zai rasa makaɗi, 'yan amshi kuma su kwana da yunwa.

Irin tasa ƙauracewar

Wannan ba ya nufin al'adar roƙo ba ta san ƙauracewa ba. Ta san ta, sai dai a kan mutum take sauka. Mawaƙi yana iya kame bakinsa ga wanda ya ɓata masa, ya tsallake sunansa a taron da kowa yake jiran a ambace shi, kuma a al'ummar da ake auna girma da kirari, wannan shiru hukunci ne. In abin ya yi tsanani sai a koma habaici, daga nan sai zambo. Makaɗin fada irin Ibrahim Narambaɗa a Isa ko Salihu Jankiɗi a Sakkwato yana da ubangida ɗaya, zambonsa kuma kan abokan hamayyar ubangidan yake sauka. Shata ba shi da wannan dabaibayi. Ya yi wa sarki waƙa, ya yi wa direba, ya yi wa ɗan kasuwa da ɗan bori da soja da mace mai zaman kanta. Yawan iyayen gidan nasa shi ne 'yancinsa, domin babu mutum ɗaya da zai rufe hannu ya sa shi ya durƙusa. Bakandamiyarsa, wadda ya yi ta sabuntawa tsawon shekaru yana wasa kansa, shela ce ta wannan 'yanci.

Amma a nan ne ya kamata manazarci ya yi hattara da son da muke yi wa Shata. Makamin da yake sauka a kan mutum ɗaya ba ya taɓa tsari. Ba a san Shata da waƙar da ta tunkari mulkin soja gaba da gaba kamar yadda Fela ya yi ba, kuma gwamnatoci daban-daban sun ci moriyar muryarsa. Wanda ya zauna a fage yana da damar faɗa wa mai mulki magana a kunne, yana kuma ƙara wa taron mai mulkin armashi da zamansa. Littafin Shata Ikon Allah na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa, wanda ya fito a 2006, ya tara ɗimbin bayanai a kan mu'amalarsa da masu iko, amma har yanzu muna bukatar nazarin da zai jera waƙoƙinsa bisa zamanin kowace gwamnati, a ga inda ya yi magana da inda ya yi shiru. A ganina shirun nasa zai koya mana abin da yabon bai koya mana ba.

Siyasa da ƙarshen rayuwa

Abin lura shi ne, a duk lokacin da Shata ya so ya ja da masu iko kai tsaye, rigar ɗan siyasa yake sawa. Ya zama kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya a shekarun 1970. A Jamhuriya ta Biyu ya shiga GNPP ta Waziri Ibrahim, daga baya ya koma NPN. A Jamhuriya ta Uku aka zaɓe shi shugaban jam'iyyar SDP na Ƙaramar Hukumar Funtuwa, kujerar da aka tsige shi daga kanta bayan ya saɓa da manyan jam'iyyar na jihar Katsina. A fagen da ba kalangu a bayansa, an iya ture shi cikin sauƙi.

Hukumomin da malamansu da dattawansu suka taɓa ƙyamar sana'arsa su ne suka dawo suna karrama shi. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. Ɗan da mahaifinsa ya ji kunyar ya zama maroƙi ya sa hular malamai a gaban shehunan jami'a.

Ya yi fama da rashin lafiya a ƙarshen shekarun 1990, har aka kai shi Jidda neman magani. Ya rasu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a watan Yunin 1999, 'yan makonni bayan sojoji sun miƙa mulki ga farar hula. Shekara guda bayan haka aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano, a 2001 kuma aka kafa hukumar tace finafinai, wadda ikonta ya game Birni da Fagge da Sabon Gari ba tare da bambanci ba, aka kuma wajabta wa mawaƙi ya kai aikinsa a duba kafin ya fitar. Shata bai ga wannan zamani ba. An kai gawarsa Daura aka binne shi a can, a garin babban ubangidansa, Sarkin Daura Muhammadu Bashar.